Amsar Baba mai hoto kan gwajin lensin tsohuwar kyamara

Assalamu alaikum 'yan zaure. To ɗana, na saurari saƙonka. Ka ce ka tarar da Pentax K1000 a akwatin marigayi mahaifinka a Ringim, da lensi biyu, kana so ka san wanne ya fi fito da hoto garau. Allah ya jiƙansa. Kyamarar nan tun 1976 aka fara ƙera ta, kuma batirinta na auna haske ne kawai, ko babu shi tana ɗauka.

Kafin ka taɓa fim, cire lensin ka haska tocila ta bayansa. Ƙura 'yar kaɗan ba komai ba ce. Amma in ka ga abu kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce, ita ke sa hoto dishi-dishi.

Sai gwajin. Nemi jarida ka manna a bangon siminti, ta kwanta sumul, kada ka yi da bangon ƙasa don ba ya daidaita. A inuwa, kuma ba ranar hazo ba. In lensi mai milimita 50 ne (lambar na rubuce a jikinsa), ja baya kamar mita biyu da rabi, kyamarar ta fuskanci bangon sak. Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne: kada ta motsa ko kaɗan. In ba ka da abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, kife turmi, ɗora ɗan buhun gero, ka zaunar da ita a kai. Ni haka na yi shekaru ina yi a ƙauye. Wannan samfurin ba ta da agogon da ke sa ta ɗauki hoto da kanta, saboda haka nemi wayar dannawa, wato 'yar igiyar da ake ɗaurawa a maɓallin ɗauka a danna ba tare da taɓa kyamarar ba, don yatsa kaɗai na girgiza ta, sai ka ɗora wa lensi laifin da ba nasa ba.

Sa fim mai lamba 100, wato ISO 100 da ke rubuce a kwalinsa. Saita rubutun ya fito tar, kada ka sake taɓawa. Ɗauki ɗaya a kowace lambar buɗewar idon lensi, waɗanda ke rubuce a zoben lensin: 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kana rage saurin ɗauka mataki ɗaya duk sanda ka tsuke idon. Rubuta lambar a 'yar takarda ka maƙala a jikin jaridar, wallahi in ba haka ba mantawa za ka yi. Fim mai hoto 36 ya ishi lensin duka biyun.

In an wanke, nagatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, za ka duba da gilashin ƙara girma, ba katin hoton ba. Duba tsakiya, sannan kusurwoyi huɗu. Yawanci a 5.6 ko 8 ƙananan haruffa suka fi fitowa. A buɗe duka gefe yakan yi laushi, a 16 ma kaifin yakan ɗan ragu. In kusurwa ɗaya ce kullum take lalacewa, to wataƙila lensin ya taɓa faɗuwa ko jaridar ta karkace, sake gwadawa.

Ka turo mana abin da ka gani. A gaida mutan gida.