Amsoshin Tambayoyinku: Sabar ɗaya ko uku, kuma wace ƙofa za a buɗe wa duniya?

Tambayoyin wannan mako sun taru ne a kan injin bincike, irin manhajar nan da ake ɗora wa takardu ko jerin kaya domin mutum ya rubuta kalma ɗaya ya samu abin da yake nema nan take. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su don kada fili ya ƙare.

Tambaya ta farko daga wani matashi ne mai ƙaramin kamfanin kwamfuta a Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Ya ce: "Malam, wata makaranta ta ba ni aikin haɗa mata rumbun binciken takardun ɗalibai da na laburare da injin binciken da ake kira Elasticsearch. Kuɗin da ke hannuna zai sayi babbar sabar ɗaya, wato kwamfutar da za a ɗora manhajar a kanta, ko matsakaita biyu. Ni na fi karkata ga biyu, don in ɗaya ta mutu ɗaya ta riƙe. Me ka gani?"

Ƙanena, biyun nan da kake ganin su ne mafita, su ne mafi raunin zaɓi. Sabobin da aka haɗa su zama gungu ɗaya sai sun zaɓi shugaba a tsakaninsu, wanda zai riƙe lissafin inda kowane yanki na bayanai yake. Zaɓen kuma da rinjaye ake yin sa, wato fiye da rabin masu ƙuri'a. In masu ƙuri'a biyu ne, babu tabbacin cewa wadda ta rage za ta iya naɗa kanta idan ɗaya ta faɗi. Kamar mutum biyu ne da suka yi saɓani babu na ukun da zai raba gardama. Da gangan aka tsara haka, domin da za a bar kowace ta yi mulkin kanta lokacin da wayar da ke tsakaninsu ta katse, sai kowace ta ci gaba da karɓar bayanai ita kaɗai, in an dawo da haɗin a tarar da littafi biyu da ba su jitu ba. A uku kuwa, ɗaya za ta iya mutuwa, biyun da suka rage su yi rinjaye, aiki ya ci gaba.

To ba sai ka nemo kuɗin sabar ta uku mai tsada ba. Sayi matsakaitan nan biyu su ɗauki bayanai, sannan ka samo ƙaramar kwamfuta, ko da ta hannu ce mai lafiya, ka ba ta aikin kaɗa ƙuri'a kawai ba tare da ta ajiye komai ba. In kuma kuɗin bai kai nan ba, ka tsaya a ɗaya, ka rubuta discovery.type: single-node a fayil ɗin saitunan manhajar, wato elasticsearch.yml, ka riƙa ɗaukar kwafin ajiya kullum zuwa wani wuri dabam. Za ka ga lafiyar gungun tana nuna ruwan ɗorawa maimakon kore. Kada hankalinka ya tashi, manhajar ba ta yarda ta ajiye kwafin yanki a na'ura ɗaya da asalinsa, shi ne kawai abin da take faɗa maka.

Abin da kusan kowa ke mantawa a kasafi shi ne abin da ke haɗa na'urorin. Suwic, wato akwatin da ake jona wayoyin na'urorin a jikinsa, mai gudun gigabit ɗaya ya wadatar da aiki irin naka, da kebul na Cat6, kowace sabar da nata. Kada ka haɗa su da Wi-Fi ko da kuwa suna ɗaki ɗaya. Ka ba kowace sabar lambar IP tsayayya, wato adireshinta a hanyar sadarwa, daga cikin jerin da aka ware don cikin gida, irin waɗanda suka fara da 192.168 ko 10, domin in rauta ce ke raba musu lamba yadda ta ga dama, wata rana za a ɗauke wuta a dawo da ita, lambobin su sauya, su kasa gane juna. Sannan suwic ɗin nan ka ɗora shi a kan inbata ɗaya da sabobin. Sau da yawa za ka ga an kashe kuɗi a batir da sola don sabobi, an bar suwic a soket ɗin bango. Da wuta ta tafi sabobi uku suna nan a kunne amma babu mai jin wani, gungu ya tsaya cak. Ka kuma yi tunanin zafin Afrilu da ƙurar hunturu tun kafin ka zaɓi ɗakin.

Tambaya ta biyu ta fi ba ni aiki, daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya ce yana karatu a nan Katsina. Ya ce: "A kan kwamfutata Elasticsearch yana tafiya lafiya. Da na sauya saitin adireshinsa, network.host, zuwa 0.0.0.0 don abokan aikina su shigo, sai ya ƙi tashi gaba ɗaya. Wani abokina ya ce in gyara wannan, in kashe tsaron da ke neman kalmar sirri, in kuma buɗe ƙofa 9200 a rauta, shi ke nan. In yi?"

Kada ka yi. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don ƙin tashin ba lalacewa ba ne. Muddin manhajar tana sauraro a 127.0.0.1, wato cikin na'urar kaɗai, tana ɗauka gwaji kake yi, sai ta yi maka sassauci, ta bar matsaloli a matsayin gargaɗi. Da zarar ka ba ta adireshin da wasu na'urori za su iya kaiwa, sai ta ɗauka aikin gaske aka shiga, gargaɗin nan ya koma sharaɗi. Buɗe fayil ɗin rahoto ka karanta, za ta gaya maka abin da ya rage. Galibi uku ne: vm.max_map_count na Linux bai kai 262144 ba, ko adadin fayilolin da aka yarje mata ta buɗe bai kai 65535 ba, ko kuma ba ka gaya mata yadda za ta nemo 'yan'uwanta ba. Na ƙarshen ana gyara shi da discovery.seed_hosts, inda za ka jera adiresoshin masu ƙuri'a, da cluster.initial_master_nodes, inda za ka jera sunayensu. Wannan na biyun don ranar haihuwar gungun ne kawai. Da ya kafu ka goge layin daga kowace na'ura, in ba haka ba wata rana ɗaya daga ciki za ta iya tashi ta kafa sabon gungu nata.

Shi kuma 0.0.0.0 ma'anarsa "saurara ta kowace hanya da na'urar nan take da ita". In sabar tana da katin sadarwa biyu, ko an ɗora Docker a kanta, wato manhajar da ke tafiyar da wasu manhajoji a keɓe, manhajar za ta zaɓi adireshi ɗaya ta sanar wa sauran cewa nan za a same ta, kuma tana iya zaɓar wanda babu mai iya kaiwa. Abu biyu ne daban: inda take sauraro, network.bind_host, da inda take cewa a neme ta, network.publish_host. Mafi sauƙi ka rubuta wa network.host ainihin lambar cikin gida ta na'urar, ko ka sa _site_, wanda ke nufin adireshin cikin gida, ka huta.

Yanzu maganar ƙofofi. Guda biyu ne. Ta 9200 ita ce manhajoji ke turo tambaya su karɓi amsa. Ta 9300 ita ce sabobin ke magana da junansu. Ta 9300 babu wanda ke da hurumi a kanta sai 'yan gungun, don haka katangar tsaro ta kowace na'ura ta yarda da lambobin 'yan'uwanta kawai. Ta 9200 kuma sabar shafinku kaɗai ya kamata ta iya taɓa ta. Mai bincike yana magana da shafinku, shafinku ya tambayi injin, ya dawo da amsa. Wanda ya isa 9200 babu kalmar sirri ba karatu kaɗai zai yi ba, da umarni layi ɗaya zai iya goge duk abin da kuka tara. A watan Yulin 2020 an yi wani hari da aka sa wa suna Meow, inda wata manhaja ta bi intanet tana goge dubban rumbunan Elasticsearch da MongoDB da aka bari a buɗe, ba ta nemi ko kwabo ba. Kuma kada ka ce wa ya san da ni a Katsina. Ba mutum ba ne ke nema, injina ne irin Shodan da ke zagaye adiresoshin duniya dare da rana suna rubuta kowace ƙofa da suka tarar a buɗe.

Tun daga fitowar Elasticsearch 8 a 2022 tsaro a kunne yake zuwa: kalmar sirri da rufaffen zance tsakanin na'urori. Tun 2019 ma aka mayar da wannan matakin kyauta. Kashe shi don takardun shaidar da ake rufe zancen da su sun ba ka ciwon kai, ragwanci ne da zai yi maka tsada. In bayanan mutane ne a ciki, suna da lambar waya da sakamakon jarrabawa, ka tuna akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, kuma wanda ya riƙe bayanan shi za a tambaya.

Gargaɗi ɗaya ga masu Docker: in ka fitar da ƙofa da -p 9200:9200, Docker yana rubuta dokokinsa ne ta bayan ufw, wato katangar tsaron na'urar, sai ka ga katanga ta ce a rufe alhali a buɗe take. Rubuta 127.0.0.1:9200:9200 ko lambar cikin gida a gaba. Abokan aikinka kuma su shigo ta rufaffiyar hanya irin VPN ko SSH.

Ta uku daga wata Hajiya ce mai shagunan magani, ɗaya a Daura ɗaya a Katsina. Ta ce yaron da ke kula mata da kwamfuta ya ba da shawarar a ajiye sabar injin bincike ɗaya a kowane gari a haɗa su gungu ɗaya ta intanet, kuma a sayi Starlink biyu, wato intanet na tauraron ɗan adam. Tana tambaya ko kuɗin ya cancanta.

Hajiya, ranki ya daɗe, ki riƙe kuɗinki tukuna. Niyyar yaron mai kyau ce, yana so in wani abu ya sami shago ɗaya ɗayan ya tsira, amma wannan manhaja ba a gina ta don haka ba. Sabobin gungu suna riƙe da layuka a buɗe tsakaninsu koyaushe, suna duba lafiyar juna a kai a kai. Duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya isa kwafinsa a ɗayar kafin a ce an karɓa. Ke nan duk sanda intanet ya yi tangal-tangal a Daura, mai shigar da kaya a Katsina zai zauna yana jira. In layin ya yanke, a kori sabar daga gungu. Ya dawo, a fara daidaita bayanai, data tana ƙonewa. Ga kuma matsalar biyun nan da na yi wa mai tambaya ta farko bayani.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a tambaya kafin a biya kowane kamfanin intanet: shin za su ba ku lambar IP taku ta waje? Layukan wayar salula da ƙaramin tsarin Starlink galibi suna tara masu amfani da yawa ne a bayan lamba ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Kina iya fita ki nemi kowa, amma daga waje ba a iya nemo ki kai tsaye.

Abin da zan ba ki shawara: a ajiye injin a wuri ɗaya, inda wuta da sanyi suka fi tabbata. Ɗaya shagon ya riƙa shiga ta shafin da ke da kalmar sirri, ko ta VPN irin WireGuard. Kowane dare a ɗauki kwafin ajiya a tura shi ɗaya garin. Wannan kwafin shi ne kariyar da yaron yake nema, kuma ya fi sabar ta biyu amfani, domin in wani ya goge abu bisa kuskure, gogewar tana bin duk sabobin gungu nan take, kwafin daren jiya ne kawai zai dawo da shi. Gaskiya ma, in jerin magungunan shago biyu ne kawai, ki sa yaron ya fara duba ko binciken da ke cikin rumbun bayanai irin PostgreSQL, ko ƙaramin inji irin Meilisearch, zai wadatar. Na fi zaton zai wadatar.

Ta ƙarshe gajera ce, wani ma'aikacin laburare ne ya aiko: "Elasticsearch ko OpenSearch? Kuma in sayi na'ura ko in yi haya a intanet?"

Malam, tushensu ɗaya, dukansu a kan manhajar bincike ta Lucene aka gina su. A 2021 kamfanin Elastic, mai Elasticsearch, ya sauya lasisinsa, sai Amazon ya ɗauki sigar 7.10.2 ya ci gaba da ita da sunan OpenSearch a ƙarƙashin lasisin Apache. A 2024 Elastic ya ƙara lasisin AGPL a cikin zaɓuɓɓukansa, OpenSearch kuma ya koma hannun Gidauniyar Linux. Ga laburaren da zai yi amfani da shi a cikin gida, kowanne kyauta ne, ƙofofinsu ɗaya ne, saitunan sadarwarsu kusan ɗaya, sai 'yan sunaye da suka bambanta, kamar cluster.initial_cluster_manager_nodes a sababbin OpenSearch. Zaɓi wanda mai kula muku da shi ya fi iyawa. Ko wanne ka ɗauka, tunda akwai littattafan Hausa, ka sa a kunna matatar asciifolding, don wanda ya rubuta "kasa" a waya marar ƙugiya ya samu "ƙasa".

Haya kuwa tana raba ka da janareta da ƙura, amma da dala ake biya kowane wata, kuma kasafin gwamnati ba ya tafiya da canjin kuɗi. In za ka yi, ka sa duk sabobin a cibiya ɗaya, ka haɗa su ta hanyar cikin gida da kamfanin ke bayarwa, kada ko ɗaya ta samu lambar waje sai sabar shafin. Sannan ka tambayi kuɗin fitar da bayanai tun kafin ka sa hannu, domin shigarwa galibi kyauta ce, ranar da za ka kwashe kayanka ne ake kawo maka lissafi.