Wa Ke da Ikon Buɗe Sabon Aiki a Manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata ƙungiya mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙananan hukumomin Wamakko, Boɗinga da Gwadabawa, kuma da manhajar Jira muke bin diddigin ayyukanmu. Damuwata ita ce kowa yana buɗe sabon aiki yadda ya ga dama, har famfo ɗaya da ya lalace sai a tarar an shigar da shi sau uku. Yaya zan taƙaita wannan? Daga wata mai karatu, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Da farko ki duba irin rajistar da ƙungiyarku ta yi, domin Jira na kyauta, wanda kamfanin Atlassian ke ba mutum 10 ko ƙasa da haka, ba ya barin a sauya izini, kowa a cikinsa daidai yake da kowa. Sai an koma na biya sannan ƙofar take buɗewa.

Idan na biya kuke da shi, akwai abin da ake kira tsarin izini, wato jerin da ke fayyace wa zai duba aiki, wa zai buɗe sabo, wa zai gyara, wa zai rufe. Ki nemi izinin ƙirƙirar aiki, ki cire shi daga hannun duk mai shiga manhajar, ki ɗora shi a kan muƙami, misali shugabannin shiyya. Kada ki jera sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, domin ranar da injiniyan Gwadabawa ya bar aiki sai kin bi kowane shafi kina goge shi, alhali da muƙami ne, sai kawai a sa magajinsa a gurbin.

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe: tsarin izini ɗaya yakan rataya a wuyan sassa da dama na ƙungiya a cikin manhajar, saboda haka idan kika taɓa shi domin rijiyoyi, ƙila ki wayi gari ma'aikatan kuɗi ma sun kasa shigar da komai. Ki kwafe shi tukuna, ki gyara kwafin, sannan ki haɗa shi da sashen rijiyoyi kaɗai.

Sai dai ni a ganina, wanda ya fara ganin famfo ya tsaya shi ne ma'aikacin da ke ƙauye, kuma idan aka rufe masa hanya gaba ɗaya, labarin zai koma WhatsApp ya nutse a cikin gaishe-gaishen Juma'a. Ki bar masa izinin dubawa da yin tsokaci, ki kuma tanadi fom da zai cike, shugaban shiyya ya tantance kafin ya zama aiki.

Idan kuwa kuɗin rajista ya yi wa ƙungiyar nauyi, akwai Redmine, wata manhaja irin Jira, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2006, tana kuma raba izini bisa muƙami, amma sai kun sami wanda zai girka ta a sabarku, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kai, ya riƙa kula da ita.