Tambaya da Amsa: Daura zuwa Katsina a Keke, a Dawo Rana Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni tela ne a garin Daura, shekarata 27. Shekara biyu ke nan da na sayi keken tsere na hannu, mai siririyar taya da giya. Mu shida muka yi shawarar in hunturu ya shigo za mu tashi daga Daura mu je Katsina mu dawo rana ɗaya, wanda ya riga isowa gida shi ya ci. Saura wata uku. Kullum bayan asuba ina yin kilomita 25 zuwa 30, kuma ba na raga wa kaina, iya ƙarfina nake takawa har numfashina ya nemi ɗaukewa. Amma sau biyu ina gwada doguwar tafiya, duk biyun wajen kilomita 60 ƙafata ta mutu, na riƙa ganin duhu-duhu. Na biyun ma a motar haya aka ɗoro ni da keken. Ba na cin komai kafin in fita don kada cikina ya yi nauyi. Wani abokina ya ce in sha tiramol ranar, ba zan ji gajiya ba. Baba, ƙarfi ne ba ni da shi, ko keken ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Keken nan ba shi da laifi, ƙarfi kuma kana da shi har ya yi maka yawa. Yunwa ce ta kayar da kai, gaggawa ta taimaka mata.

Na san duhu-duhun nan da kake faɗa, don ni ma ya taɓa rufe ni. Ina saurayi, da wani tsohon Rali na mahaifina wanda ko giya ba shi da ita, na tashi daga Katsina na je Daura ba komai a cikina sai shayi. Zuwa lafiya lau, har na tsaya na leƙa rijiyar Kusugu ina jin kaina. A hanyar dawowa, kafin in kai Mashi, sai na ji kamar an zare min lakar jiki. Na sauka na zauna gindin wata bedi, hannuna na rawa, ko murfin gora na kasa buɗewa. Wata Bafillatana mai tallan nono ce ta dube ni ta ce, "Ɗan samari, yaushe rabonka da abinci?" Ta dama min fura da sukari. Ban fi rabin awa da sha ba na miƙe kamar ba ni ba. Da na yi karatun koyar da wasanni daga baya ne na gane abin da matar nan ta riga ni sani.

Ga yadda abin yake. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, shi ne man da yake ƙonawa in aiki ya yi tsanani. Ajiyar nan ba ta da yawa: mai taka keke da ƙarfi yakan cinye ta cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Lissafa da kanka, a irin gudunka kilomita 60 awa nawa ne? Daidai inda tankinka yake ƙarewa ke nan, balle kai da ka fito ba karin kumallo. Akwai tanki na biyu, wato kitsen jiki, wanda ko siririn mutum yana da abin da zai kai shi Kano ya dawo. Sai dai shi kitse a hankali yake ci, kamar gawayi, kuma jiki ba ya dogara da shi sosai sai in tafiyar ta sassauci ce. Kai kuwa shekara biyu kana koya wa jikinka ƙona fetur kawai.

Saboda haka abu na farko da zan ce maka, wanda na san ba zai yi maka daɗi ba, shi ne ka rage gudu. Masu binciken wasannin juriya sun lura cewa manyan 'yan tsere wajen kashi 80 cikin 100 na atisayensu a sassauce suke yin sa, ragowar ne kawai mai tsanani. Ba sai ka sayi agogon auna bugun zuciya ba. Ka fita da ɗaya daga cikin abokan nan naka, ku riƙa hira. In kana iya ba shi labarin rigimar da kuka yi da mai ɗinkin sallah daga farko har ƙarshe ba ka tsaya neman numfashi ba, to gudun ya yi. In magana ta koma guntu-guntu, ka wuce gona da iri. Yara a kan Fonis za su wuce ka suna dariya, ka bar su. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Giyar nan ma da ka biya kuɗinta ka yi amfani da ita. Samarinmu suna son giya mai nauyi don a ga ƙwanji, suna taka feda kamar masu kirɓa sakwara. Ka sa mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa wajen sau 80 zuwa 90 a minti. Ƙirga na ƙafar dama cikin daƙiƙa 15, in ka samu 20 zuwa 22 ka yi daidai. Da farko za ka ji kamar kana wasa, amma gwiwarka za ta gode maka a kilomita na 120.

Tsakanin Daura da Katsina kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa kusan 160. In kana yin 22 a awa, ka haura awa bakwai a kan sirdi, ban da tsayawar salla da neman ruwa. Wannan ba a shirya masa da kilomita 30 kullum. Ka daina fita kullum, kwana huɗu a mako ya isa. Kwana biyu ka yi awa ɗaya a sassauce. Kwana ɗaya ka huce haushinka: bayan jiki ya yi ɗumi, ka taka da ƙarfi minti biyar, ka sassauta minti huɗu, sau huɗu, ka koma shago. Rana ta huɗu ita ce uwar tafiya. Makon farko kilomita 50, na biyu 60, na uku 70, na huɗu ka koma 45 jiki ya huta. Sannan 80, 90, 100, ka sake komawa 60. Mako na tara 110, na goma 125, na sha ɗaya ka sauko 80, na sha biyu ka yi 'yan gajeru kawai har ranar ta zo. Ba sai ka taɓa yin 160 ɗin ba kafin ranar. Wanda ya yi 125 ya sauka da sauran ƙarfi zai ƙarasa. Makonnin hutun nan kada ka tsallake su. A cikinsu tsoka take gyara abin da atisaye ya yaga, kuma ku teloli na san ku da kwanan shago, to ɗinkin dare da doguwar tafiya ba sa haɗuwa.

Sai maganar ciki, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kafin doguwar tafiya ka sha koko ko kunu da burodi, ko ɗumamen tuwo kaɗan, ƙosai da mai-mai ka bar su sai ka dawo. A kan hanya kuma ka fara ci tun cikin awar farko, kafin yunwa ta yi sallama, don in ta riga ta shigo an makara. Abin da masana suke ba da shawara shi ne giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa. A yaren kasuwa, dabino bakwai ko takwas ke nan, ko ayaba biyu. Ni dabinon nake zubawa a aljihu, duk minti ashirin in jefa biyu ko uku a baki. Fura tana da kyau, ita ta cece ni, amma kaɗan za ka sha a wurin hutu. In ka cika ƙwarya barci za ka ji.

Ledar fiya wata rabin lita ce. Ɗaya zuwa biyu a awa, gwargwadon zafin rana. Hunturu mayaudari ne, iska tana busar da gumi nan take, sai mutum ya ɗauka bai yi zufa ba. Ka hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo, duk kilo ɗaya da ya ragu wajen lita ɗaya ce ta ruwa ta tafi. Gora ɗaya ka yi mata haɗi: ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri ɗan kaɗan da bai kai rabin cokalin ba. Ɗirkar ruwa zalla yini guda ba gishiri shi ma yana da nasa haɗarin. Duk wannan ka gwada shi a makonnin atisaye ka ga abin da cikinka yake karɓa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai tarkon da ku mutanen Daura za ku faɗa in ba ku lura ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Katsina kuwa yamma take da ku. Da safe iska za ta riƙa tura ku, kowa ya ji ya zama gwani, ku isa Katsina kuna washe baki. Da kun juya, kilomita 80 ne iska a fuska, ga rana, ga ƙafa ta gaji. A nan za a ci tseren nan ko a faɗi. Ka bar masu zafin kai su tsere da safe, za ka tsince su ɗaya bayan ɗaya bayan Mashi. In kuma akwai mai hankali cikinsu, ku jera, ɗaya a gaba yana tare iska, ɗaya a bayansa dab, kuna canji duk 'yan mintuna. Na baya yana samun sauƙi ƙwarai, shi ya sa kake ganin 'yan babban tseren keke na Faransa a dunƙule kamar garken tumaki.

Tiramol kuwa, ka gaya wa abokin nan naka na ce a'a. Ba ta ƙara ko ɗigon mai a tanki, ƙararrawar da ke gaya maka jiki ya gaji kawai take kashewa. Tana sa jiri da gyangyaɗi, tana iya jawo farfaɗiya, kai kuma kana gefen kwalta tirela na wucewa. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta ta a gasa tun 2019, kuma a kanta aka soke wa Nairo Quintana ɗan Kolombiya matsayi na shida da ya samu a babban tseren Faransa na 2022. In abin koyi kake nema, ga Biniam Girmay ɗan Eritiriya, wanda ya ci zango uku a tseren na 2024.

Ku sa hular kwano, kada ku fita sai gari ya waye, kowa da tif biyu da famfo da kayan faci, don tsidau ba ya tausayin siririyar taya. In za ka yi atisaye a hanyar Mai'adua, kauce wa ranar da kasuwarta take ci saboda motocin dabbobi. In kuma ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri alhali ka ci ka sha, wannan ba nawa ba ne, na likita ne.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaci ne a Katsina, shekarata 41. In na yi awa biyu a keke sai gaban gwiwata ya riƙa ciwo, mazaunina kuma ya mutu, har wani wurin da ba na iya faɗa. Uwargida ta ce an gaya mata keke yana kashe mazakuta. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙanena, ka kwantar wa uwargida hankali, amma kada ka raina maganarta. Mutuwar da kake ji alama ce sirdi yana danne jijiyoyi da hanyoyin jini, kuma ba abin da za a saba da shi ba ne. Yawanci gyaran sirdi yake magance ta. Ciwon gaban gwiwa ya nuna min naka ya yi ƙasa. Jingina da bango, ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda ka kai ta can ƙasa: ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkace ba. In gwiwa a lanƙwashe take, ɗaga sirdin kaɗan-kaɗan, kada ka yi tsalle ɗaya. Sannan ka duba bakinsa, a kwance ya kamata ya zama, ba ya kalli sama ba. Kada ka naɗa masa soso da tsumma irin na masu kai kaya kasuwa, taushi da yawa nutsewa yake sa mutum ya yi, matsin ya koma inda ba a so. Duk minti goma ka miƙe a kan feda na 'yan daƙiƙu. Wando mai soson ciki yana taimakawa, kuma ba dole ka fita da shi a matse cikin gari ba, ni ɗorawa nake da dogon wando a kai. In ka gyara duk wannan mutuwar ba ta daina ba, ko tana kwana a jikinka, ka ajiye keken ka ga likita.

Tambaya: Baba, in azumi ya zo a daina atisaye ne?

Amsa: A rage dai, ɗana. Doguwar tafiya a ajiye ta sai bayan salla. Ni minti arba'in nake yi a sassauce bayan la'asar sakaliya, kusa da gida, yadda zan sauka ana shirin kiran magariba. Mai son ya taka da ƙarfi ya bari sai bayan asham, a titi mai fitila, da tocila gaba da baya. Bayan salla kuma kada ka koma kan nisan da ka bari, ka fara daga rabinsa.