Amsa kan sana'ar zaɓen 'yan wasan dandamali

Ƙanwata, kin tambaya ko zaɓen 'yan wasa sana'a ce mai zaman kanta, ko kuwa duk aikin darakta ne. Na daɗe ina wannan hidima a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, don haka bari in sa baki.

A wajenmu darakta ne uwa da makarɓiya. A Amurka kuwa sana'a ce cikakkiya, masu ita har ƙungiya suka kafa a 1982. Wanda nake yawan ba yaranmu labarinsa shi ne Bernard Telsey, mai zaɓen 'yan wasa na birnin New York. A 1986 shi da Robert LuPone suka kafa gidan wasa na MCC, amma wasan Rent na 1996 ne ya fito da sunansa. Labari ne na matasa marasa galihu, sai Telsey bai tsaya ga fuskokin da aka saba gani ba wajen zaɓen 'yan wasansa. Cikin waɗanda ya zaɓa, Adam Pascal a ƙungiyar kiɗa yake waƙa. Idina Menzel a gidajen biki take neman na abinci da muryarta. Wasan ya yi shekara 12 a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta New York, ita kuma Idina ta ci kyautar Tony, babbar kyautar wasan dandamali ta Amurka, a 2004 da wasan Wicked, wanda shi ma ofishin Telsey ne ya zaɓi 'yan wasansa. Abin da ke ci min rai, a rukunan gasar Tony babu na mai zaɓe, alhali idonsa ne ya fara ganin gwanin.

Na taɓa neman wadda za ta fito a uwar miji. Mun tantance mata da yawa, babu wadda ta kwanta min. Ran nan ina fitowa daga atisaye na ji mai awarar bakin ƙofa tana yi wa wani yaro faɗa kan canji, matankaɗi a hannu, muryarta har cikin zaure. Sau biyu na je gaban mahaifinta kafin ya amince. Ranar wasa tana buɗe baki mata suka ɗau guɗa.

In kina son aikin, ki tanadi littafi. Duk wanda ya zo gwaji ki rubuta muryarsa, tafiyarsa, da yadda yake karɓar gyara, har wanda ba ki ɗauka ba, domin baɗi shi za ki nema. Ki kuma shirya cewa a'a ga na jikinki. Akwai aminina da ya yi wata uku ba ya amsa sallamata saboda na ba wani yaro matsayin sarki.