Bil ɗin wayar intanet ya ishe ni, wai akwai wanda zai cire mini harajin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ina sayar da atamfa da leshi da mayafai a Alabar nan Kumasi, yawancin kayana daga Dubai da Kano suke zuwa, shi ya sa na sa intanet a shago da layin waya na intanet wanda nake kiran waje da shi. Da farko abin da sauƙi, amma yanzu duk wata in bil ya zo sai gabana ya faɗi. Kuɗin da aka faɗa mini tun farko daban, abin da nake biya daban, a ƙasa an jera VAT da NHIL da GETFund da CST da wasu caji-caji da ban san kansu ba. Kuma ai an ce an soke E-levy, to me ya sa nawa bai ragu ba? Yanzu wani yaro da yake gyara mana waya ya ce ya san wani a cikin kamfanin da zai cire mini harajin duka, har a dawo mini da na baya, in dai na ba shi hoton Ghana Card ɗina, wato katin shaidar ɗan ƙasa, da lambar da za ta shigo wayata. Ya ce mutane da yawa a kasuwa sun yi. Wallahi na matsu, ciniki ba kamar da ba. In ba shi ne ko kuwa?

Daga wata 'yar uwa a Aboabo

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki ba shi. Ko hoton katin, ko lambar, ko ɗaya kar ki ba shi, zan dawo kan wannan don shi ne ya fi tayar mini da hankali a cikin saƙonki. Amma bari mu fara da bil ɗin.

Waɗannan huɗun da kika lissafa haraji ne na gaskiya, majalisa ce ta sa su, kamfani karɓa kawai yake yi ya miƙa wa GRA, hukumar tara haraji ta ƙasa. CST shi ne harajin sadarwa, an fara shi a 2008 a kan kashi 6, aka kai shi kashi 9 a Oktoba 2019, kin tuna lokacin da in mutum ya sa kiredit ɗin sidi goma sai ya ga an yanke tun kafin ya kira kowa, mutane suka yi ta hayaniya. A Satumba 2020 aka dawo da shi kashi 5. NHIL kashi 2.5 ne na inshorar lafiya, GETFund kashi 2.5 na ilimi. A 2021 aka ƙaro kashi 1 na korona, sannan a Janairu 2023 VAT ya tashi daga 12.5 ya koma 15. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne yadda ake lissafin a lokacin, sai an fara ɗora ƙananan harajin a kan kuɗin sannan a ɗora VAT a kan jimlar, wato abin sidi 100 ya zama 106, a ɗora kashi 15 a kan 106 ɗin, ya tashi 121.90, ban da na sadarwa. Haraji a kan haraji ke nan. Daga Janairu 2026 an cire na korona an gyara lissafin, 21.9 ɗin nan ya koma 20.

E-levy kuma dama can ba a cikin bil ɗin waya yake ba. Harajin tura kuɗi ne ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da banki, an fara shi a Mayu 2022 a kan kashi 1.5, ya koma kashi 1 a 2023, aka soke shi a Afrilu 2025. Soke shi ba zai taɓa bil ɗinki ba.

To kin ga in bil ɗinki yana ta hawa a 'yan watannin nan, ba haraji ba ne ya hau. Ki duba sama, wurin asalin kuɗin, da caji-cajin nan da kika ce ba ki san kansu ba, a nan matsalar take. Hayar na'urar da suka sa miki a shago, kuɗin riƙe lamba, tarar makara, kuɗin sake haɗa layi in an yanke, mintunan waje da suka wuce na bandul ɗinki, ko ragin farko da suka ba ki na wata uku ko shida ya ƙare ba wanda ya tuna miki. Waɗannan na kamfani ne, kuma da yake haraji kaso ne, duk sidin da suka ƙara a sama sai harajin ƙasa ya bi shi ya kumbura, sai ki ga kamar gwamnati ce ta ƙara. Akwai kuma maganar dala, mintunan waje da kayan aikinsu da dala ake saye, a farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 ce, kafin ƙarshen 2024 ta kai wajen 16. Sun ƙara kuɗi a lokacin, na yarda da dalilinsu, amma da sidi ya farfaɗo a 2025 ya kamata mai saye ma ya gani a bil ɗinsa, kuma kina da haƙƙin ki tambaye su wannan.

Yanzu maganar yaron. Hajiya wannan magana ta "akwai mutum a ciki" na gaji da jinta wallahi, kullum sai wani ya zo mini da ita, yau daga Asawase gobe daga Tafo jibi daga Sawaba, kuma yawanci sai bayan an gama da su suke zuwa. Babu wani ma'aikaci a kowane kamfanin sadarwa da yake da maɓallin cire wa mutum ɗaya VAT. Babu shi. Kwamfuta ce take lissafa harajin a kan kowane layi, kamfanin yana kai wa GRA lissafi duk wata, in ya kasa karɓa daga wurinki daga aljihunsa zai biya, to wane ma'aikaci ne zai yi miki wannan, a kan me? Kuma harajin da aka karɓa bisa doka lokacin da dokar take aiki ba a mayar da shi don an soke dokar daga baya. Duk wanda ya kira ki ya ce za a dawo miki da kuɗin E-levy ko na korona, ki kashe wayar.

Ki tsaya ki duba abin da ya nema. Bai nemi lambar akawun ɗinki na kamfanin ba, bai nemi ya ga bil ɗin ba, wanda da gaske zai gyara bil ai bil zai fara tambaya. Ya nemi Ghana Card da lambar da za ta shigo wayarki. Lambar nan mabuɗi ce. Ko ta MoMo ɗinki ce, su shiga su kwashe kuɗin kaya su kuma ci bashi da sunanki ki wayi gari ana binki, ko ta WhatsApp ce, lambobi shida ɗin nan, su ƙwace shi su fara tura wa kwastomominki da 'yan uwanki saƙo cewa kina cikin matsala a turo kuɗi, kuma mutane za su tura saboda sun san ki da mutunci. Ke da kike hulɗa da masu kaya a Dubai da Kano ta wannan lambar, ki yi tunanin ranar da wani zai rubuta musu da sunanki.

Katin kuma ya fi lambar haɗari a ganina, don kuɗi in sun tafi an san iyakarsu. Tun 2021 aka ɗaure kowane SIM da Ghana Card, mutum ɗaya layi goma ne iyakarsa. Masu damfara suna neman katunan mutane su yi rajistar layuka, wasu don kiran mutane da yaudara, wasu don abin da ake kira SIM box. Akwati ne da ake cika shi da SIM, kira ya taso daga waje ta intanet ya faɗo cikin akwatin ya fita kamar kiran cikin gida, shi ya sa wani lokaci ɗanki zai kira daga Jamus ko Amurka ki ga lambar Gana a fuskar waya. Dokar 2009 ta yanke cewa kiran da yake shigowa daga waje ba zai gaza santi 19 na dala a minti ba, kuma gwamnati tana da kasonta a ciki, wannan kuɗin suke gudu. Laifi ne, ana kama mutane a kai ana kai su kotu. Ranar da aka bi sawun layin, sunan da zai fito shi ne na mai katin. Za ki iya wanke kanki daga baya, amma sai kin sha zirga-zirgar ofishin 'yan sanda, shago a rufe, unguwa ana magana.

Kuma zancen "mutane da yawa sun yi", ki ce ya nuna miki bil ɗin mutum ɗaya da aka cire wa VAT. Waɗanda aka cuta ba sa faɗa, kunya take hana su, shi ya sa ƙaryar take ta yawo a kasuwa ba mai tare ta. Wataƙila shi kansa yaron bai san abin da ake yi da katunan ba, an ce masa ne ya kawo a ba shi ɗan wani abu, amma wannan ba zai rage miki asara ba. Ina roƙon malamanmu da limamai a zango su riƙa faɗar wannan bayan salla da wurin suna da biki, don iyayenmu mata da 'yan kasuwa su aka fi nema, an san suna da kuɗi a waya kuma suna da saurin yarda da ɗan unguwa. Dukiyar da kika tara da guminki amana ce, bai kamata a miƙa mabuɗinta ga wanda ba a ma san sunansa ba.

Su ma kamfanonin da hukumomin ban wanke su ba. Da bil yana zuwa a rubuce yadda mai shago za ta gane, da ma'aikacin da ka kira yana iya yi maka bayanin kowane caji maimakon ya ce "haka sistem ya kawo", da 'yan damfara ba su samu ƙofa ba. Mutum ya bar shagonsa ya je ofis ya yi layi rabin yini a ce masa ya dawo gobe, dole ya saurari wanda ya ce zai gama masa a minti biyar.

Duk da haka hanyar ita ce dai. Ki ɗauko bil na wata shida ki jera, ki ja layi a ƙarƙashin duk abin da ba VAT ko NHIL ko GETFund ko CST ba, ki je ofishinsu da kanki ki ce a nuna miki inda kika sa hannu a kan kowanne, ki karɓi lambar ƙorafi kafin ki fito. In ba su gyara ba ki kai wa NCA, hukumar da take kula da kamfanonin sadarwa, suna da ofis a nan Kumasi, da lambar ƙorafin za su bi. Ki tambaya ko za ki iya sayen na'urar ki huta da haya, kuma masu kayan da za ki iya kira ta WhatsApp ki daina ƙona musu mintuna. In shagonki yana da rajistar VAT, ki sa su rubuta bil ɗin da sunan shagon, mai yi miki lissafi zai iya cire VAT ɗin daga wanda kike biyan GRA. Ki danna *402*1# ki ga layuka nawa ne a kan katinki, in kin ga wanda ba naki ba ki je a cire shi. In kuma kin riga kin tura masa wani abu kafin amsar nan ta iso, ki canja lambar sirrin MoMo yanzu, ki kira kamfanin layinki, sannan ki kira 292, layin hukumar tsaron intanet, ki ba su rahoto.