Depite wa yake tsoro, ni ko parti?

Salamu alaikum. Malam Issoufou, na ji muryarka, wai me ya sa depite, wato ɗan majalisar dokoki, ba ya tuna mu sai zaɓe ya ƙarato. To ai tambayar ita ce wa yake jin tsoro, don ba kai ba ne, ba ni ba ne.

Mu nan Nijar ba kamar Najeriya ba ne da kowace mazaɓa ke da mutum ɗaya da za a bi har ƙofar gidansa. Kafin juyin mulkin 2023, lista muke zaɓe, wato jerin sunayen 'yan takarar parti, ta jaha gaba ɗaya. Ka jefa wa parti ƙuri'a, a raba kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu. In ka cire mazaɓu na musamman irin su Tesker, haka abin yake. To wanda ke son komawa bayan shekara 5, wa zai lallaɓa? Mai rubuta lista, can Yamai. In an sa sunanka sama ka wuce ko ba ka taɓa taka Mirriya ba, in an jefa ka ƙasa, duk sukarin azumin da ka raba ya tafi a banza. Kuma tsarin mulkin 2010, da ake aiki da shi a lokacin, ya ce in ka fita daga partinka da kanka, kujera ta bar hannunka, mai maye maka gurbi ya hau. Shi ya sa a majalisa sai ɗaga hannu kawai, kujera 171 amma baki bai wuce na shugabanni ba.

Kada wani ya ce mini ba su taɓa tsayawa ba, na sani, 2009 lokacin tazarce, Tandja ya rushe majalisar da Mahamane Usmane ke shugabanta. Wannan daban ne, ku bar shi.

Maganar ruwa fa? Wani, ba zan kama suna ba, ya zo unguwarmu da kampanye, ya rantse za a kawo fanfo. Aka yi guɗa, ya raba atamfa da jikka bibbiyu. Har wa'adi ya ƙare muna hannun 'yan garuwa. Ya dawo, ko kunya babu, wai dosiye, wato takardun aikin, na hannun minista. Wane minista? Kuma ya sake wucewa, Malam, don sunansa na sama! Matata har yau tana da atamfar.

Ranar 26 ga Yulin 2023 dai sojoji suka yi juyin mulki, majalisar ma ta tafi. Amma ran da aka dawo zaɓe, ka fara tambayar wa ya jera sunayen.