Fenti na malalewa ƙarƙashin doili, ni ma na sha wannan takaicin

Wayyo 'yar uwa, wallahi ina karanta tambayarki sai da na ji kamar ni kika leƙo. Kin ce kin ɗora doilin (takardar adon nan mai huji-huji kamar leshi) a kan kanbas, wato yadin da ake zane a kai, kin shafa fenti, da kika ɗaga sai kika tarar duk ya malale ta ƙasa, furen bai fito ba, takardar ma ta liƙe a wasu wurare. Sannu, na san zafin nan.

Fentin ne ya yi miki yawa, kuma ina kyautata zaton burushi kika sa kina ja. Dan Allah kar ki ja, ja ɗin ne ke cusa fenti ƙarƙashin hujin. Soso za ki samu ki dangwala kaɗan, ki daddanna a kan kwali har ya kusa bushewa, sannan ki dinga bi a hankali daga sama kina ɗan dannawa. Kar ki sirka fentin akrilik da ruwa, doilin takarda da ya jiƙa shikenan ya narke.

Ni nawa ma ya fi naki muni. Kanbas mai santimita 40 da 50 na siya zan yi wa ƙanwata kyauta, na shafa geso (shafin farko da ake yi wa kanbas kafin fenti) sau biyu, na bi da shuɗi mai duhu, kwana uku ina lallaɓa shi. Na je siyan gam na feshi, na yi wa mai kayan bayani dalla-dalla cewa wanda ake cirewa a sake mannawa nake so, don iri biyu ne, akwai na dindindin. Ya rantse min ya sake rantsewa wannan ne, na yarda da shi. Na fesa na manna doili biyar na bi da fari, na zo ɗagawa abu ya ce sam. Takarda na yagewa a hannuna guntu-guntu, na sa farce, na sa ɗan ruwa ta zama kamar dusa, ƙarshe na ɗauko reza ina kankarewa sai ji na yi ta huda kanbas ɗin a tsakiya. Zama na yi a ƙasa na yi ta kuka, don washegari ne zan kai mata. Da na koma masa da gwangwanin ko haƙuri bai ba ni ba, wai ni ce ban iya aiki ba, a gaban mutane ya faɗa fa, har da dariya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ba kuɗin ne ya dame ni ba, rantsuwar nan ce.

To ki karanta jikin gwangwanin gam da idonki. A bayan doilin ake fesawa sama-sama, ba a kan kanbas ba, ki bari kamar minti ɗaya ya sha iska kafin ki manna, ki bi gefe-gefen da yatsa. Au, ki duba ma ko doili biyu kika ɗora ba ki sani ba, suna zuwa a manne da juna.

Abin da ya fi taimaka min: ki tura littattafai ƙarƙashin kanbas ɗin don tsakiyar na lotsawa in kin danna, nan ne doilin ke ɗagawa. Sannan ki fara bin doilin da kalar da kika shafa a ƙasa, siririn shafi, ita za ta toshe gefen hujin, ko ta malale ba a gani, sai ki ɗora kalar da kike so. Kar ki bari ya kwana, ki cire tun fentin na da ɗan danshi. In fenti na feshi ne ki ja baya kamar santimita 25 zuwa 30, a waje, ki rufe hanci, ni sau ɗaya na yi a ɗaki na wuni da ciwon kai.

Kuma kar ki yar da kanbas ɗin da ya ɓaci in dai bai huje ba. Ki bari ya bushe sosai, ki goge da samfefa mai laushi, ki sake shafa geso. Turo mana hotonsa mu gani, ki faɗa min doilin na takarda ne duka ko akwai na saƙa, don na saƙa shan fenti yake, da feshi ya fi fitowa.